Zaɓen Akor Ga Karin Waƙa: Tambayoyi Da Amsoshi Ga Mai Fara Tsara Kiɗa

Tambayoyin nan su ne waɗanda samari da 'yan mata masu koyon piyano da gita a nan Maradi suka fi maimaitawa, ko a situdiyo, ko a wurin atisayen biki, ko bayan an tashi daga koyon waƙar coci. An jera su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi. Wanda yake da piyano a kusa, ko da na cikin waya ne, ya buɗe shi kafin ya ci gaba da karatu, domin rabin amsar sai an ji da kunne.

1. Mene ne akor, kuma me ya raba shi da karin waƙa?

Kari shi ne abin da baki ke rerawa, sauti ɗaya bayan ɗaya, yana hawa yana sauka. Akor kuwa sautuka ne uku ko fiye da ake bugawa lokaci guda a ƙarƙashin karin don su tallafe shi. Mafi sauƙinsa da tsallake ake gina shi: ka danna farin maɓalli, ka tsallake na kusa da shi, ka danna na gaba, ka sake tsallake ɗaya, ka danna. In ka fara daga do, za ka samu do-mi-sol. In ka fara daga la, za ka samu la-do-mi.

Waɗannan biyun ba ɗanɗanonsu ɗaya ba. Ƙirga maɓallai duka, fari da baƙi: daga do zuwa mi taki huɗu ne, daga mi zuwa sol taki uku. Wannan shi ne majer. Daga la zuwa do kuwa taki uku ne, sannan huɗu zuwa mi. Wannan shi ne miner. Ana yawan cewa majer na murna ne, miner na baƙin ciki, amma kada ka riƙe maganar da ƙarfi. Waƙoƙin biki da yawa da ake cashewa da su a garin nan a kan miner suke zaune.

2. Wasu na cewa do-re-mi, wasu na cewa C-D-E. Wanne zan bi?

Duka biyun, tunda abu ɗaya suke nufi. Mu da muka yi lakkol da Faransanci mun taso da do-re-mi, sunayen da asalinsu ke komawa ga Guido na Arezzo, wani malamin waƙa na Italiya a ƙarni na 11. 'Yan'uwanmu na Katsina da Kano, da allon piyanon Yamaha, da manhajoji irin su FL Studio, haruffa suke amfani da su. C shi ne do, D re, E mi, F fa, G sol, A la, B si. In ka ga ƙaramin m a gefen harafi, miner ake nufi: Am shi ne La miner. Wanda ke zaune kusa da iyaka kamar mu, yau aiki da ɗan Zinder gobe da ɗan Jibiya, bai kamata ɗayansu ya ba shi wahala ba.

3. Waƙar tana bakina, ban rubuta komai ba. Daga ina zan fara?

Kada ka fara da akor. Fara da ɗaukar muryarka a waya, ka rera baiti ɗaya da amshi ba tare da kiɗa ba, sannan ka nemo gidan waƙar, wato sautin da take komawa ta huta a kai. Yawanci shi ne sautin ƙarshe na amshi. Riƙe shi da hanci, ka bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya har ka samu wanda ya haɗe da muryarka ba tare da wata rawar sauti a tsakani ba. Danna shi a can ƙasa da hannun hagu, ka riƙe, ka rera waƙar duka a kansa. In ta zauna lafiya daga farko har ƙarshe, ka samu gida.

Bayan haka sai ka tsinto sauran sautukan karin, ka rubuta su a takarda layi-layi, ka ja layi a ƙarƙashin waɗanda suka faɗo a kan bugu mai ƙarfi. Aikin na da cin rai a karon farko, amma duk abin da ke tafe a kansa ya dogara. Mafi yawan waɗanda ke cewa akor ya ƙi zama, in ka bincika, gidan ne ba su samu ba. In gidan ya faɗo a baƙin maɓalli, duba tambaya ta 13.

4. Akor nawa mai farawa yake buƙata?

Shida sun isa, kuma sau da yawa uku ma sun wadatar. In gidan waƙa do ne, ga su: Do majer (do-mi-sol), Re miner (re-fa-la), Mi miner (mi-sol-si), Fa majer (fa-la-do), Sol majer (sol-si-re), La miner (la-do-mi). Akwai na bakwai, si-re-fa, mai ɗan ɗaci, wanda za ka iya ajiyewa gefe tukuna.

Manyan uku su ne na ɗaya, na huɗu da na biyar, wato Do, Fa da Sol. Dalilin girmansu a fili yake: in ka haɗa sautukansu, babu ɗaya daga cikin bakwai ɗin da ya rage a waje. Kowane majer kuma yana da ɗan'uwa miner da suke tarayya a sauti biyu: Do da La miner, Fa da Re miner, Sol da Mi miner. Kusan duk inda ɗaya ya zauna, ɗan'uwansa na iya maye gurbinsa.

5. Ta yaya zan san wane akor ya dace da wane wuri?

Dubi sautukan da ka ja wa layi. Waƙa na tafiya ne a kan bugu, ana kasa bugun gida-gida daidai wa daida, kowane gida ana ce masa mezir, kuma a mezir mai bugu huɗu, na ɗaya shi ne mafi nauyi, na uku ke bi masa. Sautin da ya faɗo a kan waɗannan, da duk wanda aka ja ya daɗe, su ne ke da iko. Nemi akor ɗin da ke ɗauke da su. Sauran sautukan da ke wucewa da sauri a tsakani ba dole ne su kasance cikin akor ba, su ne ma ke ba waƙa motsi.

Kowane sauti yana zaune cikin akor uku. Do yana cikin Do, Fa da La miner. Re yana cikin Re miner, Sol da na bakwai. Mi yana cikin Do, Mi miner da La miner. Fa yana cikin Fa, Re miner da na bakwai. Sol yana cikin Sol, Do da Mi miner. La yana cikin La miner, Fa da Re miner. Si yana cikin Sol, Mi miner da na bakwai. Ka haddace wannan, ko ka manna shi a jikin piyano. Bai ba ka amsa ɗaya ba, ya dai rage maka zaɓi zuwa biyu ko uku, daga nan kuma kunne ne alƙali.

6. A ba mu misali da za mu iya bugawa yanzu.

To. Ga ɗan kari mai mezir huɗu, kowane sauti bugu ɗaya: mi mi sol la, sannan sol mi re do, sannan la na ƙasa do re mi, sannan re re da do mai bugu biyu. Rera shi sau uku kafin ka taɓa akor.

Fara daga ƙarshe. Waƙar ta sauka a do, saboda haka akor na ƙarshe Do ne, kuma re biyun da ke gabansa suna neman Sol. Koma farko: bugu na ɗaya mi, na uku sol, duka suna cikin Do, kuma kyakkyawan abu ne a buɗe waƙa da gidanta don mai sauraro ya san inda yake. Mezir na biyu yana da sol da re a wurare masu ƙarfi, Sol ke nan. Na uku ne ke da daɗin aiki. La da re ne a kan bugu masu ƙarfi, abin da ke nuna Re miner, amma uku daga cikin sautuka huɗun, la da do da mi, na La miner ne.

Buga duka biyun ka saurara. Da Re miner za ka ji waƙar ta miƙe tana sauri zuwa Sol, kamar ta ƙosa ta isa. Da La miner za ka ji ta ɗan sunkuya, ta yi taushi, sannan ta tashi. Babu kuskure a ciki. In kalmomin wurin na roƙo ne ko kewa, ni La miner zan ɗauka. In na kirari ne, Re miner. Gwada Fa ma, tunda la da do na cikinsa, amma kula da mi na ƙarshe, ka duba tambaya ta 8 kan wannan.

7. Sau nawa ya kamata in canza akor?

Ƙasa da yadda kake zato. Sabon mai koyo yana so ya ba kowane sauti akor ɗinsa, sai kiɗan ya zama kamar ɗan kabu-kabun da ke canza giya a kowane taki: ga hayaniya, ga gajiya, ba a yi nisa ba. Fara da akor ɗaya a kowane mezir, ko ma ɗaya a mezir biyu in waƙar na da sauri. Ƙara yawan canjin sai an kusa ƙarshen layi, kamar yadda aka yi a mezir na huɗu na misalin tambaya ta 6. Kuma canjin ya faɗo a kan bugu mai ƙarfi, galibi na ɗaya, inda ganga ke sauke nauyinta.

8. Waƙata irin ta gida ce. Na sa Do, Fa, Sol amma sai ta koma kamar ta wata ƙasa. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurinmu. Karin Hausa da yawa a kan sauti biyar yake tafiya: do, re, mi, sol, la. Babu fa, babu si. Ka gwada da duk wata waƙar daka ko ta gaɗa da ka ji a bakin iyaye mata, sau da yawa za ka iya buga ta a kan baƙaƙen maɓallai kaɗai, domin su ma tsarin biyar ɗin ne. Darussan akor da ke yawo a intanet kuwa an gina su ne a kan kiɗan Turai mai sauti bakwai, inda si ke jan kunne zuwa do, fa ke jan sa zuwa mi. Da ka danna Sol cikakke da si ɗinsa, ka shigo da wannan jan cikin waƙar da ba ta san shi ba. Shi ne baƙuncin da kake ji.

A cikin sautuka biyar ɗin nan, akor biyu kaɗai ke ginuwa cikakku ba tare da aro ba: Do majer da La miner. Sauran sai an yi musu dabara. Maimakon sol-si-re, buga sol-do-re, ko sol da re kawai. Maimakon re-fa-la, buga re-sol-la, ko re da la. In kana son Fa, sa fa ɗin a can ƙasa a hannun hagu, dama kuma ta riƙe la da do, ta haka zai ba da faɗi ba tare da ya tsaya kusa da muryar ba. Abin da za ka kiyaye shi ne haɗuwar maƙwabta biyu da babu baƙin maɓalli a tsakaninsu, mi da fa, ko si da do. In mawaƙiya ta ja do mai tsawo kai kuma kana riƙe da si a gefenta, za a ji gogayya ko da mutum bai san sunanta ba.

Ba ana cewa fa da si haramun ba ne. Waƙoƙin fim da yawa da ke zuwa mana daga Kano, musamman masu ɗanɗanon Indiya, suna amfani da sauti bakwai, kuma akor cikakku na zama a kansu daram. Magana ita ce ka fara ƙirga sautukan da karinka ya taka kafin ka yanke hukunci. Abin takaici ne a ji waƙa mai asali, wadda kaka ta rera a bakin turmi, an lulluɓe ta da jerin akor da aka kwaso daga wani darasi har ba a gane ta.

9. Waƙata ba a do take sauka ba, a la take sauka. Wani lokaci ma a re ko sol.

In a la take hutawa, gidanka La miner ne, kuma akor shida ɗin nan na tambaya ta 4 su ne dai kayan aikinka, sai dai matsayinsu ya canza. La miner ne gida, Re miner da Mi miner su ne na huɗu da na biyar, Sol da Fa da Do kuma maƙwabta ne na kusa. Kai da komowa tsakanin La miner da Sol kaɗai na iya ɗaukar waƙa sukutum. Littattafan Turai za su ce ka sa Mi majer, mai sol diyez, wato baƙin maɓallin da ke bin sol daga sama, kafin ka koma gida. A kan karin da ke rera sol na asali, wannan karo zai yi. Bar shi sai in karin da kansa ya taka sol diyez.

In kuwa a re take sauka, alhali sautukanta biyar ɗin nan ne, to gidan ba shi da sautin tsakiya da zai nuna majer ne ko miner. Riƙe re da la, ka riƙa ziyartar Do ko La miner kana dawowa. In a sol take sauka, riƙe sol da re, ka ziyarci Do. Kuskuren da ake yi shi ne a tilasta wa irin wannan waƙa ta ƙare a Do don kawai sautukanta farare ne. Inda mawaƙi ya huta, nan ne gida.

10. Me zan sa a ƙarshen layi da ƙarshen baiti?

Sauka iri huɗu ce aka fi sani. Daga na biyar zuwa na ɗaya, Sol zuwa Do, ita ce mai rufe magana gaba ɗaya. Daga na huɗu zuwa na ɗaya, Fa zuwa Do, ta fi laushi, ita ce wadda masu waƙar coci suka sani a wurin amin. Tsayawa a kan Sol ba tare da an koma gida ba tana barin magana a buɗe. Sai ta huɗu, inda kunne ke jiran Do amma a ba shi La miner, wadda ke da amfani in kana so ka maimaita layin ƙarshe kafin ka rufe.

Tsarin waƙarmu na jagora da 'yan amshi ya riga ya nuna maka inda kowace za ta zauna. Layin jagora ya ƙare a buɗe, amshi ya rufe. In ka rufe tun a bakin jagora, 'yan amshi za su shigo ba su da abin da za su kammala.

11. Akor ɗin daidai ne, amma hannuna na tsalle kuma sautin na cunkushewa.

Matsala biyu ce. Ta tsalle maganinta juyi: sautukan akor ba dole su jeru yadda aka gina su ba. Do-mi-sol, mi-sol-do da sol-do-mi duk Do majer ne, ra'ayin da Rameau, mawaƙin Faransa, ya shimfiɗa a littafinsa na 1722. Daga do-mi-sol in za ka je Fa, bar babban yatsa a kan do, ka matsar da sauran biyun kowanne zuwa farin maɓalli na gaba: do-fa-la. In La miner za ka, yatsa ɗaya kawai zai motsa: do-mi-la. In Sol ne, riƙe sol a sama, ka sauko da biyun: si-re-sol. Ƙa'idar ita ce duk sautin da akor biyu suka yi tarayya a kai, a bar shi inda yake.

Cunkushewa kuwa daga hannun hagu take zuwa. Sautuka uku a matse a can ƙasan piyano suna zama gurnani, balle a lasifikar biki da aka ƙure wa bas. A ƙasa buga tushen akor kaɗai, wato sautin da aka fara gina shi a kai, ko shi da na biyar ɗinsa, kamar do da sol a Do majer. Cikakken akor ya zauna a tsakiyar piyano, ƙasa kaɗan da inda muryar take. In akwai mai gitar bas, ka bar masa ƙasan gaba ɗaya.

12. In sauti ɗaya ya ƙi shiga akor, zan iya canza karin?

A waƙar Hausa, yi hattara sosai. Harshenmu na da karin sauti, kowace gaɓa tana da hawa ko sauka ko faɗuwa, ga kuma dogon wasali da gajere, kuma karin waƙa mai kyau yana bin wannan ne gwargwadon iko. Ka ɗaga gaɓar da ya kamata ta sauka don ta faɗa cikin akor, sai kalmar ta fita a karkace, wani lokaci ma'anar ma ta gurɓace. Akor ne ya kamata ya matsa. Canza shi da ɗan'uwansa na tambaya ta 4, ko ka cire sautin da ke gogayya, ko ka jinkirta canjin da bugu ɗaya.

13. Mawaƙin ya ce waƙar ta yi masa sama. Sai na sake neman akor daga farko?

A'a. Shi ya sa ake son ka riƙa tunani da lamba. In jerinka na ɗaya, na shida, na huɗu, na biyar ne, a gidan do zai zama Do, La miner, Fa, Sol. A gidan sol zai zama Sol, Mi miner, Do, Re. A gidan fa kuma Fa, Re miner, Si bemol (baƙin maɓallin da ke ƙasa da si), Do. Dangantakar ba ta canza ba, wurin zama ne ya canza.

Piyano na lantarki yana da maɓallin da ke ɗaga ko sauke sautin duka taki-taki, mai gita kuma yana da kapo, ɗan matsen da ake ɗaurawa a wuyan gita don ɗaga sautin. Yi amfani da su ba tare da jin kunya ba, musamman in gida ya faɗo a baƙin maɓalli. Sai dai a hankali ka koyi gidaje uku ko huɗu da yatsunka, domin ranar da aka miƙo maka piyanon da ba ka saba da shi ba a tsakiyar taro, ba za ka samu lokacin laluben maɓalli ba. A gwada muryar mawaƙi a wurin da waƙar ta fi hawa sama kafin a ɗauki komai.

14. Ina so in haɗa piyano da gurmi ko goge ko kalangu. Akwai abin lura?

Akwai. Piyano an ɗaure shi a kan la mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa, an kuma raba tsakanin do da do na gaba gida 12 daidai wa daida. Mai gurmi da mai goge da muryarsu suke ɗaure tsirkiya, kuma wasu sautukansu na faɗowa a tsakanin maɓallai biyu. Ba kuskure ba ne, haka kiɗan yake. Ku fara daidaita gida: ka ba shi sautin, ya ɗaure tsirkiyarsa a kai, ko kai ka matsar da naka zuwa nasa. Daga nan ka rage hannu. Tushe da na biyar, a riƙe su dogo, sun fi cikakken akor zama da goge, domin sautin tsakiya shi ne inda saɓanin ya fi fitowa.

Ka tuna cewa manyan makaɗanmu sun yi shekaru suna riƙe taro ba tare da canjin akor ko ɗaya ba. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi aikinsa. Masu gitar Agadas ma sukan zauna a kan gida ɗaya tsawon waƙa, motsin yana cikin kari da bugu. In ka shigo da piyano cikin irin wannan, kai ne baƙo. Kalangu kuwa, tunda sautinsa na hawa da sauka da matsin hannu, a bar masa sarari ya yi maganarsa a inda murya ta yi shiru.

15. Yaya zan yi wa 'yan amshi murya ta biyu?

A gargajiyance 'yan amshi murya ɗaya suke bi, kuma wannan na da ƙarfinsa, kada a raina shi. In kana son ta biyu, hanya mafi sauƙi ita ce a bi karin daga sama ko daga ƙasa ana tsallake sauti ɗaya na tsarin waƙar. A waƙa mai sauti bakwai, do zai haɗu da mi, re da fa, mi da sol. A mai sauti biyar kuwa, do da mi, re da sol, mi da la, sol da do, la da re. Wannan na biyun ya fi zama a kunnen Bahaushe, kuma 'yan amshi sun fi saurin kama shi tunda babu sautin da ba su saba rerawa ba. A sautuka masu tsawo, tabbatar murya ta biyu tana cikin akor ɗin da kake bugawa. Masu tsara wa mawaƙan coci murya huɗu suna da ƙarin ƙa'idoji, amma tushen shi ne na tambaya ta 11: kowace murya ta yi tafiya mafi gajarta.

16. Ina ganin Am7, G7, Csus2. Yaushe zan fara amfani da su?

Lokacin da waƙarka ta riga ta tsaya da akor masu sauƙi. Am7 La miner ne da aka ƙara wa sol, kuma duka sautukansa huɗu na cikin biyar ɗinmu, shi ya sa yake zama a kan karin gida cikin sauƙi. Csus2 shi ne do-re-sol. Wanda aka ba ka a tambaya ta 8, sol-do-re, sunansa Gsus4, ka ga ashe ka riga ka fara. G7 kuwa, sol-si-re-fa, ya haɗa fa da si duka, saboda haka jansa zuwa Do na da ƙarfi ƙwarai, kuma shi ne mafi saurin sauya wa waƙar gida kama.

17. In na ɗauki jerin akor na wata waƙa, sata ce?

Jerin akor kayan kowa ne. Dubban waƙoƙi na tafiya a kan na ɗaya, na biyar, na shida, na huɗu, babu mai cewa nasa ne. Abin da ke da mai shi shi ne kari, da kalmomi, da sautin da wani ya ɗauka a situdiyo. Wanda ya gama waƙarsa yana son kare ta, a Nijar hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin masu fasaha. Haɗarin aron jeri a wani wuri yake: in ka fara da akor ɗin wata waƙa kana neman kari a kai, bakinka zai riƙa zamewa zuwa karin waccan ba ka sani ba.

18. Yaya zan horar da kunnena har in riƙa jin akor da kaina?

Da waƙoƙin da ka riga ka haddace tun kana yaro. Ɗauki ɗaya, nemo gidanta, ka buga ta da akor ɗaya tak daga farko har ƙarshe. Wuraren da ka ji akor ɗin ya takura, nan ne waƙar ke neman canji, ka yi musu alama. Sake bugawa da akor biyu, sannan uku. Ɗauki kowane gwaji a waya, ka saurara washegari da safe, domin kunnen da ya kwana ya fi na daren jiya gaskiya. Minti 20 kullum ya fi awa uku ranar Lahadi.

Rera tushen kowane akor da bakinka yayin da waƙar ke tafiya a rediyo, ko da ba ka kusa da piyano. Zauna kusa da wanda ya fi ka a wurin atisaye ka kalli hannunsa na hagu, nan ne jerin yake fitowa a fili. In ka ce masa, "Yaya, don Allah sake buga wurin nan a hankali," da wuya ya ƙi. Wanda kuma ya samu hali ya je Yamai, akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya, inda ake koyar da solfej, wato karatun rubutun kiɗa, da kayan kiɗan zamani da na gargajiya.